Farin auduga ba dauɗa ba ne

Yau ba maganar taki ko rigakafin dabbobi na kawo muku ba. Maganar launi ce, launin tufa. Wani zai ce wannan ai zancen masu ƙoshi ne. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe. Akwai kuɗinmu a cikin maganar, akwai sana'ar iyayenmu, akwai kuma mutuncin wani tsoho.

Riga biyu a rana ɗaya

A garin da nake koya ma manya karatu, mun yi bikin rufe aji kafin faɗuwar damina. Ranar ce ake ba waɗanda suka ci jarrabawa takardar shaida. Kowa ya ci ado. Mutum biyu suka fi ɗaukar ido.

Na farko ɗan kasuwa ne, mai kanti a bakin tasha. Ya sa babbar riga ta shadda, fara fat, tana walƙiya kamar sabon kwanon rufi. Na biyu tsoho ne, masaƙi, wanda ya girmi kowa a ajin. Shi rigar saƙar hannu ya sa. Matarshi ta kaɗa zaren, shi ya saƙa, ƙanenshi ya yi aikin wuya da aljihu. Rigar fara ce, amma ba fat ba. Launinta kamar na madarar da aka tatso yanzu, ba a cire mata mai ba.

Da tsohon ya tashi karɓar takardarshi, sai na ji samari suna dariya a baya. Ɗaya ya ce: "Baba ya manta bai kai rigarshi wanki ba." Tsohon ya ji. Bai ce uffan ba. Amma da aka yi wani suna a unguwa bayan sati biyu, sai na gan shi cikin wata rigar targal da ɗanshi ya aiko mashi daga birni. Abin ya tsaya mini a rai. Shi ya sa na ce bari mu ɗora rigunan nan biyu bisa sikeli, mu auna su da gaskiya.

Fari iri-iri ne

Mu fara da gwaji irin wanda muke yi a aji. Ku ɗauko sabuwar takarda. Ku ɗauko auduga, wadda wasunmu ke ce ma kaɗa. Ku zuba madara a ƙoƙo. Ku ɗebo farar ƙasa. Ku jera su bisa tabarma a inuwa. Kowanne in an nuna maka shi kaɗai, za ka ce fari ne. Amma da an jera su, sai ka ga ba ɗaya suke ba. Farin takarda ya karkata wajen shuɗi. Farin auduga da na madara ya karkata wajen rawaya kaɗan, kamar an ɗiga mashi man shanu.

Masu sana'ar zane da ɗinki suna ce ma na farko fari mai sanyi, don yana tuna ma ido ruwa da sararin sama. Na biyu suna ce mashi fari mai ɗumi, don yana tuna ma ido hantsi da hasken wuta. A Hausa na farko shi ne fari fat, ko fari tas, ko fari sol. Na biyu shi ne ruwan madara. Faransawa suna ce ma tufa mai wannan launi ekiru, watau ɗanye, wanda ba a sa ma magani ba. Wasu Turawa suna kiran launin da sunan man da ke tasowa bisa madara, wasu da sunan hauren giwa. Kun ga ashe launi ne mai suna, mai zaman kanshi. Abin da ke da suna har uku a bakin mutane, ai ba dauɗa ba ne.

Daga ina kowane fari yake fitowa?

Auduga tana fitowa daga gona da ɗan maiƙo a jikin silinta, mai kamar kakin zuma, tare da ɗan launi nata na halitta. Duk matar da ta taɓa wanke sabon akoko ta san wannan. Ruwa ba ya shiga shi da sauri, sai ya riƙa gangarewa, har sai an wanke shi sau biyu ko uku. Maiƙon nan ne. Idan mace ta gurza auduga, ta shiɓe ta, ta kaɗa da mazari, ba abin da ya taɓa zaren sai yatsunta da alli. Masaƙi ma bai ƙara komi ba. Don haka launin gona shi ne launin riga.

Fari fat kuwa yin shi ake yi. A izin, watau masaƙar inji, ana dafa yadi da magani a fitar da maiƙon. Sannan a sa mashi wani magani mai cinye launi. Ɗaya daga cikin irin waɗannan magunguna kun san shi, shi ne ruwan jabel. An fara yin shi a shekarar 1789 a wani wuri mai suna Javel, a gefen birnin Paris, daga nan ya samo sunanshi. Jabel yana da anfani wajen kashe ƙwayoyin cuta. Amma in ana yawan wanke tufa da shi, yana cin ƙarfin zaren auduga. Siliki da ulu kuwa lalata su yake yi.

Bayan jabel akwai bula. Bula ba ta wanke komi. Dabara ce ta ruɗin ido. Ɗan shuɗin da take bari a jikin tufa yana danne ɗan rawayan da ke ciki, sai ido ya ga kamar farin ya ƙaru. Garin wanki na kanti, wanda muke ce ma omo, yawancinshi yana da wata dabara da ta fi wannan. A cikin hasken rana akwai wani haske da idonmu ba ya gani. An sa wani magani a garin wankin mai kama hasken nan ya mai da shi shuɗi-shuɗi. Shi ya sa rigar ke ƙyalli a rana, amma da dare, gaban fitilar ƙwai, ƙyallin sai ya ɓace.

Ban ce wannan mugun abu ba ne. Ilimi ne, kuma ilimi abin yabo ne. Abin da nake so mu gane shi ne, tsabta daban, launi daban. Riga tana iya zama fara fat alhali ta kwana uku a jiki. Wata tana iya zama ruwan madara alhali yau aka sauko da ita daga igiyar shanya. Hanci ya fi ido sanin wadda aka wanke.

Rigar ɗan kasuwa bisa sikeli

A ba kowa haƙƙinshi. Shadda kyakkyawan yadi ne. Mai kyaunta auduga ce zalla, zarenta siriri, an saƙa fure a cikin jikinta. Wadda ta fi suna, gezna, daga ƙasar Ostiriya take zuwa, daga masaƙar Getzner ta garin Bludenz, wadda aka kafa tun 1818. Akwai kuma masu araha da ke zuwa daga Sin. Idan aka sa ma shadda ƙaro aka kai ta mabuga, tana tsayawa a jiki, tana ƙara, tana ba mai ita kwarjini. Daga nesa ba wanda ya kai ɗan kasuwan nan fitowa. Wannan gaskiya ne.

Amma mu matso kusa. Da tsakar rana aka yi bikin. Hasken da rigar ke mayarwa ya yi yawa har sai ka runtse ido. Aikin da aka yi mata a ƙirji da farin zare mai ƙyalli, aikin keke ne mai yawa, an kashe mashi kuɗi. Amma ba ka ganin shi. Ƙyalli ya hau kan ƙyalli, zanen ya nutse. Tela ya sha wahala a banza. Fuskar mai rigar ma ta ɓace. A hoton da aka ɗauka da salula, rigar ta fito kamar fitila, fuskar kuwa ta yi duhu.

Sa'an nan ga ƙura. Mu mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa mun san ƙasarmu. Rairayi ne ja-ja, ga iskar hunturu, ga guguwar bazara. Kafin la'asar gindin rigar ya yi ja, wuya ya yi layi. Mai ita ya ƙi zama bisa tabarma, sai da aka nemo mashi kujera. Yaronshi ƙarami ya rugo zai rungume shi, ya ture shi. Tufar da ke hana ka zama da ƴan uwa, ta hana ka ɗaukar ɗanka, ita ce ke sanye da kai.

Rigar masaƙi bisa sikeli

Ita daga nesa ba ta kira kowa ba. Sai ka zo kusa take fara magana. Saƙar maza ta gargajiya siririya take fitowa, faɗinta bai wuce tafin hannu ba. Sai a jera a ɗinka gefe da gefe. Layin ɗinkin nan yana sauka daga kafaɗa zuwa ƙasa, yana ƙara ma mutum tsawo. Zaren hannu ba ya zama daidai ko'ina, nan kauri, can siriri. Saboda haka haske ba ya zamewa a kanta, yana shiga ya zauna. Ido yana hutawa. Fuskar tsohon ta fito sosai, har furfurar gemunshi ta fi rigar haske. Ruwan madara yana da ɗan ja da rawaya a ciki, fatarmu ma haka, shi ya sa suke jituwa.

Aikin aljihun aska biyu ne. An yi shi da zaren da ya ɗan fi rigar duhu. Nan ne gwanintar take. Launin bai yi nisa da na rigar ba, amma kowace aska ta fito da bakinta, don zaren ya tashi sama kaɗan ya yi inuwa. Wannan shi ne sirrin ado da fari mai ɗumi: inuwa ce ke yin zane. Tufa mai ƙyalli tana kashe inuwa. Tufa marar ƙyalli tana raya ta.

Ƙurar da ta ɓata shadda ta sauka a kan wannan ma. Amma da yake launinsu dangi ne, sai ba a gani sosai. Tsohon ya zauna ƙasa, ya tashi ya kakkaɓe, shi ke nan.

Akwai wani abin mamaki kuma. Saƙar hannu tana ƙara haske da shekaru, don wanki da rana suna fitar da maiƙon a hankali, tana kuma ƙara taushi. Fari fat kuwa baya yake yi. Maganin ƙyallin yana fita, gumi yana shiga, sai ya fara rawaya. Bayan ƴan shekaru sai ka tarar da su sun kusa haɗuwa a launi ɗaya. Amma ɗaya girma ya kai ta can, ɗaya tsufa.

To, kada in zama mai yabon ɗan kuturu. Rigar Baba tana da laifi, har uku. Na ɗaya, tana da nauyi. A watan Afirilu, lokacin da zafi ya kai matuƙa, kaya ce a kafaɗa. Zaren ya yi kauri, ya fi dacewa da gwado. Na biyu, a bayanta akwai tsiri biyu da suka fi sauran duhu. An haɗa zaren auduga ta bana da ta bara ba a tantance ba. Ɗan bambanci ado ne, amma wannan ya yi yawa, ya zama kamar tabo. Wataƙila ma shi samarin suka hango. Na uku, kuma shi ya fi ba ni haushi, zaren aikin ya ƙare ma maɗinkin, sai ya ƙarasa bakin wuya da zaren leda rawaya mai ƙyalli na kanti. Wurin nan kaɗai yake ihu a cikin rigar. Kamar a ce ana karatu a natse, wani ya buɗe rediyo.

Duk da haka, in aka ce in zaɓa, rigar masaƙi zan ɗauka. Laifinta na gyarawa ne. Laifin waccan kuwa, a ƙasarmu mai rana da ƙura, a cikin launin kanshi yake.

Abin da magabata suka sani

Iyayenmu ba su rasa launi ba. Suna da baba, suna da marina, suna da karan dafi mai ba da ja. Duk da haka manyan rigunan sarakuna da malamai da yawa da zaren tsamiya aka yi musu aiki. Tsamiya siliki ne na daji. Wasu tsutsotsi ne ke taruwa su saƙa gida ɗaya babba a jikin itace. Ana dafa gidan da ruwan toka, a wanke, a kaɗa shi kamar auduga. Launinshi daga ruwan madara zuwa ruwan ƙasa mai haske. Ba ya son rini, don haka yawanci haka ake barin shi. Yarabawa suna ce mashi sanyan, kuma a wurinsu tufar manya ce. Da shi ake yin aska takwas, da tambari, da gidan biyar a ƙirjin riga. Sarki yana da kuɗin sayen kowane launi, amma wannan ya zaɓa. Wanda ya je Yamai, ya leƙa gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959. Akwai ɗakin tufafin gargajiya, akwai kuma masu sana'ar hannu suna aiki a harabar. Ku duba da idonku.

Wasu suna cewa malamai sun ce farar tufa ita ce abin so, musamman ran Juma'a da Salla. Haka ne. Amma a tuna, ɗaruruwan shekaru kakanninmu suna zuwa masallaci da farar riga kafin a ƙago jabel da omo. Farinsu farin auduga ne, na sabuni da rana. Wasu kuma suna ƙyamar launin don yana tuna musu akoko, tufar talaka, ko likkafani. Ni ina ganin a nan ciwon yake. Mun ɗauki launin da hannunmu ke iya yi mun ce na talauci ne. Wanda sai an sayo daga waje mun ce na arziki ne.

Abokan tafiyarshi

Ga telolinmu da mata masu ɗinki, ruwan madara yana da abokai, yana da kishiyoyi.

Babban abokinshi baba ne. Ku dubi luru, fari da ratsin shuɗi mai duhu. Ku dubi farar rigar saƙa da rawani ɗan Kura a sama, irin mai baƙin ƙyalli da Buzaye ke so. Shuɗin yana ƙara ma madarar ɗumi, madarar tana ƙara ma shuɗin zurfi. Aboki na biyu ja ne mai duhu, kamar jar fatar dukawa, ko alharini da ake yi ma babbar riga shafi da shi a da, wanda fatake ke kawowa ta hamada. Ana ganin jan ne kawai in mai riga ya naɗe hannu ko ya yi taku. Kaɗan ya isa. Aboki na uku baƙi da ruwan ƙasa. Mutanen Mali sun gwanance a nan. Bogolan nasu saƙar hannu ce ta ɗanyen fari, ana yi mata zane da ruwan ganye da laka.

Babbar kishiyarshi fari fat ne. Kada ka sa rigar ruwan madara da wando ko hula fari fat. Da sun haɗu, ido zai ce ɗaya ya yi dauɗa. Na lura ranar bikin nan, tsohon yana zaune ne dab da ɗan kasuwan. Da a gefen mai baƙar riga yake, da ba wanda ya yi dariya. Kishiya ta biyu zaren leda ne mai ruwan zinariya, wanda yanzu ake cika ƙirjin riguna da shi. Yana cinye launin gaba ɗaya.

Sai kuma a yi hattara da jabu. Kasuwa cike take da targal da leshi na leda masu ruwan madara. Rini ne aka yi musu. Launin yana nan, amma ba sa shan gumi kamar auduga, kuma in garwashi ya taɓa su narkewa suke yi su manne a fata. Matan da ke girki da itace su kula da wannan. In kana shakka, ciro zare ɗaya daga bakin yadin ka ƙona. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Leda tana dunƙulewa ta yi ƙwallo mai tauri.

A jikin bango

Maganar ba ta tsaya ga tufa ba. Mata sun san farar ƙasa. Ana jiƙa ta a shafe ɗakin amarya kafin a yi jere. Farinta ba fat ba ne, shi ma ruwan madara ne. Yana haskaka ɗaki, kuma kwanoni da tasoshi da fayafai masu launi suna fitowa a gabanshi da kyau. A waje ma, launi mai haske yana mayar da zafin rana fiye da mai duhu. A unguwar Birni ta Damagaram akwai gidaje masu zane a fuska, wanda magina suka tayar da shi da hannu. Wasu an shafe su da launuka, wasu an bar su da fari ko launin ƙasa. Ku dube su da hantsi ko da la'asar. Inuwa ce ke fito da zanen, daidai da aikin aljihun Baba.

Yanzu wasu suna shafe bangon ƙasa da fentin mai, fari fat, su rataya ƙwan lantarki mai farin haske. Ɗakin sai ya koma kamar ɗakin allura a likita. Kuma fentin mai yana toshe bangon ƙasa, danshi ya rasa hanyar fita, bayan damina sai ya fara ɓamɓarewa. Farar ƙasa tana goguwa a jikin tufa, wannan laifinta ne, kuma sai an sabunta ta. Amma arha gare ta, kuma tana barin bango ya sha iska.

Wasu sun riga mu farkawa

A ƙasar Indiya, tun wajen 1920, Gandhi ya kira mutanenshi su koma kaɗi da saƙa, su bar yadin Ingila. Shi da kanshi yana kaɗi, kuma saƙar hannu yake ɗaurawa har gaban manyan Turawa. Indiya ta samu ƴancin kai a 1947. A Burkina Faso, Thomas Sankara, wanda ya yi mulki daga 1983 zuwa 1987, ya sa ma'aikatan gwamnati su riƙa sa saƙar gida, Faso Dan Fani, don kuɗin auduga ya zauna a ƙasa. Wani tela ɗan Mali, Chris Seydou, wanda ya rasu a 1994, ya ɗauki bogolan ya ɗinka shi ɗinkin zamani har duniya ta san shi. Mu ma namu, Alphadi, ya buɗe bikin nunin tufafin Afirka, FIMA, a 1998 a Tigidit, cikin hamada kusa da Agadas, don a ga aikin masu sana'ar Afirka.

Ga wani labari kuma. A Amurka akwai kamfani mai suna Pantone. Aikinshi ba launuka lamba, don masu buga littafi da masu yadi su fahimci juna. Tun daga shekarar 2000 yake zaɓen launin da za a ce shi ne launin shekara. A watan Disamba na 2025 ya zaɓi na 2026. Wane launi ne? Wani fari mai taushi, wanda bai kai fat ba. Sun raɗa mashi suna da Ingilishi, ma'anarshi mai rawa cikin gajimare. Da na gaya ma ɗalibaina, wata tsohuwa ta ce: "Malam, ashe zanen da nake goyo da shi ya shiga yayi ban sani ba!"

Mun yi dariya. Amma ban kawo labarin don mu jira Turawa su yi mana izini ba. Yayi kamar ruwan rafi ne, baɗi wani launi za su zaɓa. Kuma in sun sayar da riguna dubbai masu wannan launi, ko dala ba za ta shiga aljihun masaƙinmu ba.

Abin da za mu rasa

A 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdul Karimu, ya ratsa Tasawa ya tafi Kano. Ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. A Barno kuwa tsirin farar saƙa, gabaga, shi ne kuɗin da ake ciniki da shi. Ashe farin nan da samari ke ma dariya ya taɓa zama kuɗi da kanshi.

Yau fa? An san noman auduga a wajen Gaya da Madawa da Ƙwanni. Amma a garuruwa da yawa mazari ya shiga ƙarƙashin gado. Tsohuwar da ke kaɗi tana samun na goro da na sabuni ba ta roƙi kowa ba. In ba mai sayen zare, ta zauna. Dariyar da aka yi ma rigar Baba, ba shi kaɗai ta taɓa ba. Ta taɓa matarshi, ta taɓa maɗinki, ta taɓa manomin auduga. Yaron da ya ji dariyar nan, yaushe zai yarda ya zauna a masaƙa?

Shawara

Ga masu kaɗi da masaƙa: ku ware zare kafin ku yi wadari. Mai haske gefe ɗaya, mai duhu gefe ɗaya. Ku yi na riga da siririn zare, ku bar abawa ma gwado. Ku jiƙa saƙa ta bushe kafin a yanka, don tana shiga ruwa, watau tana raguwa a wankin farko.

Ga teloli: ba dole sai babbar riga ba. Ku gwada ƴar shara, da kaftani, da rigar yara, da zanen mata mai ratsin baba a baki. Ku rage aiki, ku zaɓi zare marar ƙyalli.

Ga masu wanki: sabuni da ruwa sun isa. Ban da jabel, ban da bula. Bula tana mai da ruwan madara toka-toka. Kuɗin da aka rage a sai ma yara littafi.

Ga masu saye: ban ce ku ƙone shadda ba. Ni ma ina da ɗaya. Amma cikin tufafin Salla na gida, a sa ko da ɗaya na saƙar garinku.

Na je gaida Baba kafin in rubuta wannan. Na same shi a masaƙa, ƙoshiya tana kai da kawowa. Na ce: "Baba, ina rigar nan taka?" Ya ce: "Tana cikin adaka, Malam. Ta ba ku kunya ran nan." Na ce: "Wallahi ba ta ba ni kunya ba. Amma bakin wuyan nan sai an warware." Ya yi dariya ya ce: "Kai ma ka gani? Na gaya ma ƙanena." Sa'an nan ya ce in maganar ta fito a jarida in kawo mashi. Yanzu ya iya karatu, da kanshi zai karanta ma samarin.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Masaƙa nawa suka rage a garinku? Mata nawa ke kaɗi?
2. Ku lissafa abin da gidanku ke kashewa a wata wajen bula da jabel da omo.
3. Wane suna kuke kiran wannan launi da shi a wajenku?

Ku rubuto mana amsa da hannunku. Allah ya sa albarka a sana'armu.